Shirun Wayar Yadrava

Littattafan aikin mahaifina goma sha tara ne a hannuna, suna cikin wani tsohon gwangwanin biskit a ƙarƙashin gadona. Na ashirin yana aljihun rigarsa, bai cika ba tukuna. Ni ce babbar 'yarsa, Torika, shi ya sa a duk garinmu Savusavu ba mai kiransa Eremasi, sai dai Tamai Torika, wato baban Torika. Idan dangi suka yi gardama kan shekarar da guguwa ta yaye rufin coci, ko watan da aka haifi wance, ni ake tambaya, ni kuma in jawo gwangwanin, domin Baba bai taɓa yin aiki ya tashi ba tare da ya rubuta kwanan wata da abin da ya faru a gari ba.

A littafi na goma sha takwas akwai shafin da ba ya son a buɗe. Layi ɗaya ne: "Juma'a, uku da minti goma. Yadrava. Daƙiƙa arba'in da takwas. Ta yi." Daga baya ya soke kalmomi biyun ƙarshe da ƙarfin da sai da biron ya huda takardar. Ya ba ni izinin in ba da labarin, da sharaɗin kada in rage masa laifi.

Baba ya fara aikin waya yana ɗan shekara goma sha bakwai, yana ɗaukar wa manya tsani. Shekara talatin yana hawa falwaya daga nan har Natewa, rana da ruwa, har tafin hannunsa ya yi kaurin da ba ya jin zafin kofin shayi. Mutum ne marar yawan magana. A gida, in ya ce kalma goma kafin la'asar, mahaifiyarmu kan tambaye shi ko lafiya. Da aka daina yayin wayar ƙarfe aka rage ma'aikata, ƙaramin asibitin mishan da ke bayan gari ya ɗauke shi ya riƙa kula da wayoyinsa, da janareta, da duk abin da ke da igiya. A nan ya koyi kwamfuta yana da shekara hamsin da biyu, da yatsa ɗaya, gilashinsa a kan karan hanci. Ni ma da na gama sakandare a nan na samu aiki, a teburin karɓar baƙi, ina ɗaukar waya.

Akwai wani ɗan ɗaki bayan teburina, da can ɗakin ajiye tsintsiya ne. A ciki akwai akwatuna biyu a kan kanta. Ɗaya Baba yana kiransa uwar wayoyi, ita ke haɗa kowane kira. Ɗayan, wanda intanet ke shigowa ta cikinsa, yana kiransa maigadi. Ya taɓa yi mini bayani muna cin rogo da kifin gwangwani a kan benci.

"Maigadin nan yana da ƙofofi dubbai, kowace da lambarta. Duk a kulle suke. Wayar da ke cikin asibiti ba ruwanta da shi, 'yar gida ce. Amma wayar da ke wani gari, baƙuwa ce, sai ta ƙofa za ta shigo."

"To ka buɗe mata mana."

"Ƙofa ɗaya ba ta isa. Ƙararrawa tana bi ta wata, murya tana bi ta wasu dabam. Kuma ba na buɗe ko ɗaya sai na san wanda zai shigo."

Haka yake da komai. Har kejin kajinmu kwaɗo biyu gare shi.

Yadrava tsibirinmu ne na asali, tafiyar awa uku a kwalekwale mai inji idan teku ta kwanta. Mutum ɗari uku da 'yan kai ne a can. Baba ya baro shi tun yana yaro, amma ƙanensa Netani ya zauna, yana kamun kifi. Matar Netani, Ulamila, ita ce nas ɗaya tilo a ɗakin shan maganin da asibitinmu ke da shi a tsibirin. Mu 'ya'yan Baba muna kiranta Nana Lailai, ƙaramar uwa.

A wajenmu, namiji ba ya magana da matar ƙanensa. Ba ya kiran sunanta, ba ta kiran nasa, ba sa miƙa wa juna abu hannu da hannu. Wasu gidajen sun saki abin, amma ba gidanmu ba, kuma ba Baba ba. Shekara ashirin da shida da auren, bai taɓa ce mata ko sannu ba. Ba ƙiyayya ba ce. Duk lokacin da jirgi zai tafi sai ya aika mata batir da sukari, ita kuma ta aiko masa da man kwakwa don ciwon gwiwarsa. Idan muka je hutu, takan tsaya a bakin ƙofa ta ce wa iska, "A gaya wa Tamai Torika abinci ya sauka." Shi kuma ya dubi duk wanda ke kusa ya ce, "A ce an gode." Na taɓa ganin ranar da ba kowa a ɗakin, ya juya ya faɗa wa kyanwa.

Wayar hannu ba ta kamawa a Yadrava. Abin da ya haɗa Nana Lailai da likita shekara da shekaru shi ne rediyon oba-oba, mai shaƙewa da ƙara kamar ana suya. Da aka kafa wa ɗakin shan maganin farantin satalayit, Baba ya ce zai sa waya a can wadda za ta zama kamar tana ɗakin da ke kusa da na likita: ka danna lamba uku, a ɗauka. Ya kuma kulle layin yadda ba abin da zai bi ta kai sai wayar kaɗai, don kada samarin gari su cinye shi da kallon ƙwallo. Dakta Premila, likitarmu, ta ji daɗi ƙwarai, domin akwai wani ɗakin shan magani a can cikin dutse da ba shi da komai, tana so a kai masa rediyon.

"Ranar da ka ce mini ta yi, Tamai Torika, ranar za a ɗauko rediyon. Maganarka kawai nake jira."

Sati biyu Baba yana shirya wayar. Ran Juma'a da safe ya naɗe ta a tawul ya kai wa Sakiusa, matuƙin kwalekwalen asibiti. Sakiusa ɗan kawun Baba ne, tavale ɗinsa, wato abokin wasansa, kuma shi kaɗai ne a duniya ke iya zolayarsa ya kwana lafiya.

"Jaririn naka ke nan? Ka yi masa wanka?"

"Igiya shuɗiya a ramin hagu. Kada ka sa a na dama."

"Tavale, shekara talatin kana gyara waya, ban taɓa jin ka yi hirar minti ɗaya a cikinta ba. Kamar mai sayar da kifin da ba ya cin kifi."

"Ƙarfe uku zan kira. Kai za ka ɗauka. In mun ji juna, ka ɗauko rediyon."

"In ka yi magana dai."

Ranar ba na nan. An yi rasuwa a dangin wata ma'aikaciyarmu, kusan duk mun tafi kai tabarmin ta'aziyya tun azahar, har da likita. Da ina kan teburina, ni zai ce in kira, kuma da ba a rubuta wannan labarin ba. Nakan yi wannan tunanin fiye da yadda ya kamata.

Abin da ya faru, daga baya muka haɗa shi daga bakin mutum uku. Sakiusa ya sa igiya a ramin hagu, fitilar waya ta kama. Sai aka aiko cewa dattawa na jiransa a gidan mai gari, kuma ba a sauka a tsibiri a ƙi zaman yaqona, jiƙon saiwar da dattawa ke sha tare da baƙo. Ya ce ƙoƙo ɗaya zai sha ya dawo. Uku da minti goma waya ta yi ƙara, ba kowa a ɗakin sai Nana Lailai. Ta san wanda zai kira. Ta ɗauka, ta kara a kunne, ta juya fuskarta gefe kamar yana tsaye a gabanta, ta ce a hankali, "A gaya wa Tamai Torika saƙo ya iso." Ba ta ji komai ba. Ba ta kuma yi tsammanin jin komai ba. A ranta ta ce, mutumin nan ko a waya bai saki mutunci ba.

A nan Savusavu kuwa, Baba ya ji ƙararrawa ta tsaya, allo ya nuna an ɗauka. Ya ce, "Tavale?" Shiru. Ya sake cewa, "Tavale, kana ji?" Shiru. Sai kunya ta rufe shi, don ya san Sakiusa ba ya iya shiru ko a cikin coci. Wanda ya ɗauka ya ƙi amsawa, mutum ɗaya ne zai iya zama. Ya tsaya riƙe da waya yana kallon bango, ya yi gyaran murya don ta san ya gane, ya ajiye. Allo ya nuna daƙiƙa arba'in da takwas. Ya rubuta.

Da Sakiusa ya dawo, Nana Lailai ta ce masa an kira, Tamai Torika ne da kansa a kan layi. Ruwa ya fara janyewa, in bai fita a lokacin ba sai gobe. Ya kwance rediyon ya sa a kwalekwale. Ran Asabar aka haura da shi cikin dutse.

Ran Litinin, tara da minti goma, wayar teburina ta yi ƙara, allo ya nuna Yadrava. Na ɗauka da murna.

"Nana Lailai, ina kwana? Kin zama 'yar birni."

Ba amsa. Ba ma irin shuu ɗin nan da ake ji a layi ba. Na jira, aka ajiye. Kafin in mayar da hannuna ta sake yin ƙara. Na ɗauka 'yan makaranta ne suka samu abin wasa. A karo na huɗu har faɗa na yi, na ce zan haɗa su da malaminsu. Minti goma sha biyar na ɓata a haka, kuma wannan laifin nawa ne, ba na Baba ba.

A karo na shida na lura da agogo. Duk kiran, mai shi yana riƙe da waya kusan minti ɗaya cur kafin ya ajiye, sannan ya sake bugowa nan take. Yara ba sa haka. Na danna lambar da kaina. Ƙararrawar farko ba ta ƙare ba aka ɗauka. Wani yana tsaye a kan wayar, hannunsa a kanta. Na ruga ɗakin likita.

Dakta Premila ta ɗauki kira biyu da kanta, ta yi ta "halo, halo". Ta ajiye ta dube ni.

"Ulamila ba ta kira sau takwas don gaisuwa. Kira babanki. Ki ce wa Sakiusa ya zuba mai."

Baba yana gonar rogonsa a kan tudu, ya ɗauki hutun safiya. Ya iso ƙarfe goma saura kwata, laka har gwiwa, adda a hannu, ya manta ma yana riƙe da ita. Wayar tana ta ƙara. Sakiusa ya shigo a bayansa.

Likita ta ce, "Ka ce mini ta yi."

"Na kira. An ɗauka."

"Me aka ce maka?"

Baba ya juya. Ya dubi Sakiusa.

"Kai ka ɗauka?"

"Ni ina gidan mai gari. Ulamila ce. Ta ce kana kan layi."

"Ta ce ta ji muryata?"

Sakiusa ya buɗe baki, ya rufe. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. A Labasa, wani gari a nan ƙasarmu, aka haifi likita, ta san al'adarmu sarai, ba sai an yi mata bayani ba. Ta dafe goshi.

"Wato ba wanda ya ji kowa. Kuma rediyon yana cikin dutse." Ba ta ɗaga murya ba. "Kwalekwale ɗaya gare ni, teku ba ta kwanta ba, awa uku zuwa. Ban san ko haihuwa ce, ko yaro, ko guba ba. In na ɗauki abin da ba shi ba, na tafi a banza. Minti nawa kake bukata?"

"Ban sani ba."

"Na ba ka ashirin. Bayan nan zan tafi da abin da na ga dama." Ta fita zuwa ɗakin magani, Sakiusa ya gangara bakin ruwa.

Baba ya shiga ɗan ɗakin, ya zauna gaban kwamfuta, ya laluba aljihu. Gilashinsa yana gida. Ya matsar da fuska har hancinsa ya kusa taɓa allo, ya ja baya, ya sake matsowa.

"Torika, zauna. Buɗe maigadi. Karanta mini abin da ke ƙarƙashin Yadrava."

"Layi ɗaya ne. Dubu biyar da sittin."

"Na biyun fa?"

"Babu na biyu."

"Duba da kyau. Ran Alhamis na sa shi."

"Baba, babu."

Ya ce, kamar da kansa yake, "An ɗauke wuta ran Alhamis." Ya rubuta ƙofofin murya, wuta ta tafi kafin ya danna a adana, da janareta ya tashi kuma aka kira shi gyaran firjin allura. A ransa ya gama. Ƙofar ƙararrawa a buɗe, na murya duk a kulle, tun ranar farko.

Ya koma teburina ya tsaya kan wayar, don daga nan yana iya ganina ta ƙofa kuma yana iya ɗauka. Ya riƙa faɗo mini lambobi ina bugawa. Daga dubu goma zuwa dubu goma da ɗari. Na ƙara sifili ɗaya da bai kamata ba. Ya sa na karanta masa, ya ji, ya sa na goge. Na sake karantawa sau biyu. Wayar ta yi ƙara a ƙarƙashin hannunsa, karo na nawa ban sani ba, na daina ƙirgawa.

"Danna a adana. Kin danna? Me ya ce?"

"Ya ce sai an kashe an kunna."

"Minti uku ne." Ya dubi wayar. "Duk wayoyi za su mutu. Har ƙararrawar."

Na gane abin da yake tsoro. Ƙararrawar nan ita kaɗai ce ke gaya wa wanda ke can cewa akwai mutane a nan. In ita ma ta ɗauke, zai iya fid da rai ya bar wajen wayar. Amma ba wata hanya. Na danna.

Ban taɓa jin asibitin ya yi tsit irin na lokacin ba. Ina jin tayar gadon marasa lafiya a can baranda, ina jin numfashin Baba. Fitilun akwatin suka mutu, suka dawo ɗaya bayan ɗaya, ja, ja, ruwan ɗorawa. Wayar teburina ta farfaɗo. Sunayen ɗakuna suka fara komawa kore a allo: ɗakin likita, ɗakin haihuwa, ɗakin magani. Yadrava ta tsaya a ja.

"Ta dawo?"

"Tukuna."

"Yanzu fa?"

"Tukuna, Baba."

Sai da aka ƙara kusan minti biyu ta koma kore. Muka zuba wa wayar ido. Ba ta yi ƙara ba. An daina kira.

Baba ya ɗauka ya danna lambar da yatsansa mai laka, ya kuma danna lasifika don in ji. Ƙararrawa ɗaya, biyu. Ɗazu kafin ta farko ta ƙare ake ɗauka. Biyar, shida. Na tashi tsaye ban san na tashi ba. A ta tara aka ɗauka.

Abin da muka fara ji carar zakara ce. Sannan nishin namiji daga nesa. Sannan muryar Nana Lailai, a dishe, tana magana da sauri ba hawa ba sauka, kamar mai karatun hadda.

"In akwai mai ji, Ulamila ce daga Yadrava. Netani ne. Farfelar inji ta yanke cinyarsa ta dama tun takwas da rabi. Na ɗaure, jini ya ragu amma bai tsaya ba. Ruwan ƙari ɗaya ya rage mini. Ina bukatar jini da likita. In akwai mai ji."

Ashe abin da take faɗa ke nan a kowane kira, minti ɗaya cur, ga wayar da ba ta amsawa. Ta kai ƙarshe. Muka ji numfashinta ya yi nisa, za ta ajiye kamar yadda ta ajiye sauran. Ina can bakin ɗan ɗakin, taku biyar tsakanina da wayar. Baba ne a kanta.

"Ulamila. Kada ki ajiye. Ana jin ki."

Wannan karon shirun na gaske ne, don ana jin zakaran a cikinsa. Sannan ta ce, "A gaya wa Tamai Torika..."

"Ba wanda zai gaya mini. Ni ne. Faɗa mini da kanki. Yana magana?"

"Yana magana. Yana jin sanyi."

"Idonsa biyu?"

"Biyu."

"Ki riƙe wayar. Ga likita nan zuwa. Torika, ruga."

Na ruga. Da muka dawo ya riga ya rubuta komai a bayan hannunsa, don bai tsaya neman littafi ba. Likita ta yi tambayoyi biyar ko shida, ta gaya wa Nana Lailai yadda za ta ɗaga ƙafar da yadda za ta rage gudun ruwan ƙarin ya daɗe. Leda biyu ta jini ke cikin firjinmu da za su yi masa, ta sa aka zuba su a akwatin ƙanƙara. Goma da minti ashirin da biyar kwalekwale ya tashi. Baba ya bi su har bakin ruwa zai shiga, likita ta tare shi.

"Kai wajen waya za ka zauna. In ta sake mutuwa, wa zai ta da ita?"

Awa uku da rabi suka yi a teku. Babbar nas ɗinmu ta zauna a teburina, layi a buɗe, tana magana da Nana Lailai duk bayan minti kaɗan. Baba ya koma wajen wayoyinsa. Ya kunna janareta tun wuta ba ta tafi ba, ya shiga ɗan ɗakin ya zauna a ƙasa, ya dafe filogin maigadi da tafin hannunsa a jikin bango kamar wani zai zo ya zare. Na kai masa shayi ya huce a gefensa. Duk lokacin da nishin Netani ya ɗauke a lasifika, sai in ga kafaɗunsa sun ɗaga, sai ya dawo sannan su sauka. Wajen ƙarfe biyu muka ji muryar Sakiusa daga nesa yana cewa a ba likita hanya. Sai a lokacin Baba ya cire hannunsa. Shatin filogin ya kwana a tafinsa.

Netani ya rayu, ƙafar ma ba a yanke ba, amma yana ɗingishi, kuma ya daina fita bayan duwatsun teku. Likita ta gaya wa Baba sau biyu a gabana cewa ɗingishin daga yankan ne, ba daga jinkirin ba. Yakan gyaɗa kai. Amma a shafin da ke bin wancan ya rubuta, "Tara da minti goma zuwa goma da minti takwas," ya ja layi a ƙarƙashi, bai ƙara komai ba.

Bayan wata biyu ya sayi damin saiwar yaqona mafi girma a kasuwa, muka tafi Yadrava, da sabon rediyo a cikin kwali, don ya ce ba zai sake barin tsibirin da hanya ɗaya ba. Ya zauna a bakin ƙofar gidan ƙanensa, can ƙasa inda baƙi ke zama, kansa a sunkuye. Sakiusa ne ya yi magana a madadinsa, kuma ranar bai yi wasa ba. Ya nemi gafara kan abu biyu: cewa ta yi alhali ba ta yi ba, da kiran sunan da bai kamata ya kira ba.

Netani ya karɓa, ya tafa hannu yadda ake yi, sannan ya miƙe ƙafarsa mai tabo.

"Na farkon na yafe. Na biyun kuwa, yaya, shekara ashirin da shida ina gaya mata kana da murya ba ta yarda ba. Sai da na ba da cinya."

Aka yi dariya, ban da Baba. Nana Lailai tana can wajen murhu, bayanta gare mu. Ta ce, "A gaya wa Tamai Torika, wanda ya ɗauki waya bai ce a yi magana ba, shi ma yana da nasa rabon laifin. A gaya masa kuma shayi ya yi."

Baba ya dube ni ya ce, "A ce an gode."

Suka koma yadda suke. Amma ya kafa doka cewa kowace Litinin ƙarfe takwas za a gwada wayar, kuma ba a cewa ta yi sai kowane ɓangare ya ji ɗan'uwansa. Na ce ni zan riƙa yi, ya ƙi, ya ce kunnen da ya yi kuskuren shi zai riƙa saurare. A can kuma ba mai zama ɗakin shan magani da safe sai ita. Dattawan Yadrava suka zauna kan maganar yini guda, suka yanke cewa ƙirga ba hira ba ce.

Don haka duk Litinin yakan zo teburina da gilashinsa, wanda yanzu ya ɗaura wa zare a wuya. Ya danna lambar, a ɗauka, ya juya fuskarsa ga bango ya ce, "Ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar." Muryar tana ɗan jinkiri kafin ta je sama ta sauko, bai kai daƙiƙa biyu ba. Shekara uku ke nan, kuma har yau a cikin wannan ɗan tsakanin ba ya numfashi, ni ma na lura ba na yi, sai mun ji ta ce, "Shida."